Lofen Ƙirya Mai Batir da Na Yi wa Babana

Edita, gaisuwa da fatan alheri. A lokacin da wannan abu ya faru ni mai gyaran waya ne a bakin kasuwar Bodinga, shekarata talatin da huɗu, ina da mata da 'ya'ya biyu da wani babur da ba ya tashi sai an tura. Rumfata ba ta fi faɗin tabarma biyu ba, amma duk wayar da ta faɗa rijiya ko jaki ya taka, daga nan har Shagari, wurina ake kawo ta. Ina da girman kan da ya dace da hakan, har da ƙari. Ba neman tausayi ya sa na rubuto ba. A ƙauyenmu akwai sunan da ake kirana da shi a bayan idona, wai mai bam, kuma na gaji da jin labarina a bakin mutanen da ba sa wurin. Zan faɗi laifina da kaina, har da wanda ba su sani ba. Amma wanda ba nawa ba ne, ko za a taru a kaina, ba zan ɗauka ba.

Mu gidan sassaƙa ne, a wani ƙauye da ke gefen Dandin Mahe. Turmi, taɓarya, akushi, ƙotar fartanya, allon karatu, duk abin da ake fitarwa daga ice Babana ya iya shi, kuma a wurin ubansa ya koya. Yayana ya gaji gizago, ni kuwa na gudu. Tun ina ƙarami hankalina yana kan rediyo da tocila, da waya ta zo sai na bi ta. Baba bai hana ni ba, amma bakinsa bai taɓa ƙyale ni ba. Duk wanda ya tambaye shi aikin da autansa yake yi a Bodinga, sai ya ce ina can ina neman ƙwarƙwata a kan rediyo. Mutane su yi dariya, ni ma in yi, amma abin yana cina a rai. Ni da shi halinmu ɗaya ne, ba ma son a ga gazawarmu, shi ya sa hirarmu ba ta wuce gaisuwa da tambayar damina.

Baba yana shan lofe. Na san wasu za su ce abin kunya ne ga dattijon da ke salla a sahun gaba, amma ku tsaya ku ji yadda ya fara. A zamanin Jamhuriya ta Biyu, lokacin da mutanen ƙasarmu ta Shagari suke ganin arziki ya iso ƙofar gida, sai ga tsuke bakin aljihu. Kaya suka ɓace daga kasuwa, ana layin sabulu da shinkafa, sannan damina ta zo ta yi gardama. Wanda ba shi da hatsin dakawa ba ya sayen turmi. Baba ya gano cewa idan ya zuƙi taba yunwa takan lafa, sai ya sassaƙa wa kansa lofe, ya riƙa tura wa yara kwanonsa yana cewa shi ya ƙoshi. Ba a haife ni ba a lokacin. Yayana kuwa yana cikin yaran da suka ci wannan tuwon, don haka idan ya kalli lofen, uban da ya hana kansa abinci yake gani. Ni tari kawai na tashi ina ji. Yunwa ta wuce, lofe ya zauna shekara arba'in.

Akwai wani mutum da labarin nan ba zai tafi ba sai da shi, wato aminin Baba, wani maƙeri da suka tashi tare. Shi ya yi wa lofen Baba na farko rufin gwangwani daga ciki don kada wuta ta ci icen. Kullum bayan la'asar dattawan unguwa sukan taru a ƙofar maƙerarsa, Baba ya zauna a kan wani kututture, ya cusa taba, ya miƙa lofen gefe ba tare da ya ko waiwaya ba. Maƙerin kuma, yana cikin magana, sai ya ɗauko garwashi da awartaki ya ɗora masa. Shi ba ya shan hayaƙi, goro ne abincinsa, amma tsawon shekarun nan Baba bai taɓa sayen ashana ba. Na ga wannan abu sau ɗari da idona tun ina yaro. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da na mance a lokacin da bai kamata in mance ba.

Tarin Baba ya yi tsanani a shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo. Ya kai ba ya iya sara uku da gizago sai ya zauna yana haki. Muka kai shi asibiti a Sakkwato, likita ya ɗauki hoton ƙirjinsa, ya ce mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye, in bai bar taba ba to mu fara shirin rabuwa da shi. Baba ya ce ya ji. Muna dawowa gida ya wuce maƙera ya miƙa lofensa gefe. Na yi masa magana, ya ce mutumin da yunwa ba ta kayar ba, ba yaron da ke sanye da farar riga ne zai kayar da shi ba. Na ɓoye lofen, ya yi kwana biyu bai ci abinci ba, sai da Yaya ya tilasta ni na fito da shi. Yaya ya ce in bar tsoho da abin da ya saba, rai a hannun Allah yake. Na ce ƙwarai kuwa, amma Allah bai ce mu zauna mu zuba ido ba. Daga ranar na ƙudura cewa sai na raba shi da tabar nan, ko ta wace hanya.

Hanyar ta zo da ƙafarta har rumfata. Wani ɗan makaranta da ya dawo hutu daga birni ya kawo mini irin abin nan da samari ke zuƙa, wanda wasu ke ce wa shishar aljihu, wai ta daina kawo hayaƙi. Na buɗe ta na ga ba wani sihiri a ciki: batir ne, da siririyar waya da ke yin zafi, da auduga, da wani ruwa. Ba wuta, ba toka, tururi ne kawai ke fita. Na gyara masa, amma abin ya tsaya mini a rai. Na tambayi wani ma'aikacin lafiya da nake yi wa gyara, ya ce mini wannan ba magani ba ne, shi ma yana da tasa illar, abin da ya fi shi ne tsoho ya bari gaba ɗaya, kodayake wasu sukan taka ta nan su sauka daga taba. Ƙarshen maganar kawai na ji. Na sa aka sayo mini guda daga Sakkwato, da ruwanta mai ƙamshin taba, na kai wa Baba ina murna. Ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce in kwashe kayan 'yan iska daga gabansa, shi ba zai zauna cikin dattawa yana tsotsar roba kamar jinjiri ba.

A hanyata ta komawa Bodinga ne dabarar ta faɗo mini. Idan roba ce matsalar, ai ni ɗan masassaƙi ne. Na aro tsohon gizago, na samo ice, na zauna a bayan rumfa ina sassaƙa bayan shekara goma sha biyar rabona da yin haka. Niyyata in yi lofe na ice sak irin nasa, in ɓoye kayan wutar a cikinsa. Na farko da na kai masa, ya juya shi sau ɗaya ya ce, "Wanga abu muciya ta, ba lohe ba." Na biyu ya ce mariƙin ya karkace, kuma icen da na zaɓa ko kaza ba za a ɗaure da shi ba. Raina ya ɓaci, amma na lura da wani abu: bai ce in daina ba. A karo na uku da kansa ya shiga rumbun kayansa ya ciro mini guntun ƙirya da ya ajiye shekara da shekaru, ya jefo mini. Ƙirya kuwa ice ne mai taurin tsiya, da ita ake turmin da jika zai gada. Sati uku na yi a kanta, hannuna duk ya yi kanta.

A nan ne na yi kuskuren da nake so kowa ya ji. Baba ya kafa sharaɗi ɗaya, cewa kada kowa a majalisa ya gane ba taba yake sha ba, don kada a ce likita da auta sun yi galaba a kansa. Ni kuma ina so in nuna masa na iya. Na sa batirin a cikin kan lofen, daidai inda taba take zama. Maɓallin na ɓoye shi a ƙasa, inda babban yatsa yake kwanciya. Sai na rufe saman batirin da siririn faifan ice, na nutsar da shi ciki yadda zai bar gurbi, na shafa masa garin gawayi da toka da ƙaro, har ya zama kamar lofen da aka sha shekara goma. Na haɗa gaɓoɓin yadda ko farce ba zai shiga ba, don a gidanmu sassaƙar da ke nuna gaɓa abin kunya ce. Ban bar ko ƙaramar kafa ba. Kuma ni, da kullum nake yi wa masu waya faɗa kada su bar batir a rana, ban gaya wa Babana cewa abin da ke hannunsa ba ya shiri da wuta ba. Na yi shiru ne da gangan. Na san idan na ce masa yana iya fashewa zai mayar mini da kayana, ni kuma ba na son in rasa nasarar da na samu.

Ranar da na kai masa, ya daɗe yana shafa shi da yatsa yana neman gaɓar, bai samu ba. Bai yaba ba, amma ya sa a baki. Wata biyar Baba bai taɓa ganyen taba ba. Yakan isa maƙera lofensa yana hayaƙi tun daga hanya, don haka amininsa bai ga dalilin ɗauko garwashi ba, sai dai ya riƙa yi masa tsiya cewa tsufa ya sa ya fara sayen ashana. Da dattawa suka ce tabarsa ta canza ƙamshi, ya ce ta birni ce, autansa ke kawo masa. Tarin bai tafi ba, amma ya ragu, har ya koma sassaƙa ƙananan abubuwa. Ƙauyenmu ba wuta, saboda haka duk bayan kwana biyu nakan hau babur in kai masa batir mai caji, in buɗe lofen ta wata hanya da ni kaɗai na sani, in canza, in ƙara ruwa. Aikin minti biyar ne, amma sai in tarar ya sa an dama fura. Mu zauna, ya ba ni labarin itatuwa, wanda ake sara da rani da wanda ba a taɓawa sai ganye ya zube. Tunda aka haife ni ban taɓa hira da Babana kamar ta waɗannan watannin ba.

Sai wani mako man fetur ya yi wuya a Bodinga, 'yan bumburutu suna faɗin kuɗin da suka ga dama, ga aiki ya taru mini a rumfa. Ranar zuwa ta zo na ce gobe, gobe ta zo na ce ai batirin zai kai jibi. Bai kai ba. Abin da ya faru bayan la'asar ɗin nan maƙerin ne ya ba ni labarinsa daga baya. Baba yana zaune a kan kututturensa yana zuƙa, hayaƙi ya ƙi fitowa. Amininsa ya waiwayo ya ga lofe a mace, sai hannunsa ya yi abin da ya saba shekara arba'in, ya ɗauko jan garwashi da awartaki ya ɗora a gurbin da na yi wa ado da toka. Baba yana iya kaɗe shi nan take. Amma dattawa shida suna zaune, in ya kaɗe za a tambayi dalili. Sai ya riƙe, a tunaninsa iyakaci icen ya ɗan ƙone in zo in gyara. Faifan da na sa bai kai kaurin farce biyu ba. Batirin da ya gaza kawo hayaƙi ashe yana da sauran wutar da zai yi ɓarna, ƙirya kuma ta ƙi tsagewa ta ba shi hanya, ta riƙe shi har sai da ta tarwatse gaba ɗaya.

Allah ya taimaka ba a bakinsa yake ba, ya sauke shi yana amsa wata magana. Hannun dama ne abin ya samu. Maƙerin ya ƙone a gemu da kumatu, wani tsinin ice ya tsaga masa gira. Na same su a asibiti, inda aka yanke wa Baba babban yatsa da manuni. Masassaƙi ba babban yatsa, kun san abin da wannan yake nufi. Garin neman gira an rasa ido. Ina tsaye a bakin gadon sai Yaya ya ja ni waje, ya faɗa mini maganar da har yau take kunnena. Ya ce tabar da nake zagi, a shekara arba'in ba ta cire wa tsoho ko farce ba, ni a wata biyar na gama da hannunsa. Ya ce na mayar da ubanmu abin gwaji. Kafin a sallamo su labari ya gama ƙauye, kowa da irin nasa. Wasu suka ce bam na haɗa, wasu suka ce na koya wa tsoho shaye-shayen zamani, wata tsohuwa ma cewa ta yi gado nake gaggawar ci, kamar akwai abin da za a gada ban da gizago da gona ɗaya.

Da Yaya ya ce kada in ƙara kawo wa Baba komai, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce ba kaya kaɗai ba, ni kaina ba zan ƙara taka gidan ba sai waɗanda suka kira ni mai kisan kai sun zo har Bodinga sun janye maganarsu. Na faɗa a gaban mutane, kuma irinmu idan muka faɗi magana a gaban mutane, sai dai ta kashe mu. Matata ta yi magana, na ce ta yi shiru. Aka aiko cewa Baba yana tambayata, na ce a gaishe shi. A raina ina cewa ai ni aka zalunta, ni da na yi sati uku ina fasa hannuna don in ceci numfashinsa, sauran kuwa suna zaune suna cewa rai a hannun Allah yake. Gaskiya ne an zalunce ni, har gobe ina kan wannan. Amma akwai wata gaskiyar da na ɓoye a ƙarƙashinta, ita ce ba na iya kallon hannun nan.

Wata bakwai na yi ban je ba. A cikinsu na ji cewa ciwon hannun da zaman banza sun dami Baba, har Yaya, don tausayi, ya sayo masa lofen yumɓu da ganyen taba a kasuwa, yana cewa wannan dai ba a taɓa jin ya fashe ba. Da labarin ya iso ni na yi dariyar takaici, na ce to ga shi nan, su ƙarasa abin da suka fara. Ban hau babur na je na ƙwace ba, ban je na zauna kusa da shi ba. Ina rumfa ina narka dalma ina jiran a zo a ba ni haƙuri. Ba wanda ya zo sai mutum ɗaya, kuma ba haƙuri ya kawo ba. Wata ranar kasuwa da hantsi na ɗaga kai na ga maƙerin tsaye, gemunsa ya fito gefe ɗaya, ɗaya gefen tabo. Na rasa inda zan sa fuskata, na durƙusa ina gaishe shi. Bai amsa gaisuwar ba. Ya ce, "Tashi mu tai gida, tsohonka na kira. Ni da anka ƙona ma gemu ban yi hushi ba, kai mi anka ƙona maka?" Ya ce shi ma tun ranar bai ƙara ɗaukar garwashi don kowa ba, amma kullum yana zuwa ya zauna da amininsa, don wanda ya yi ɓarna ba gudu ya kamace shi ba.

Na rufe rumfa na goya shi a babur. Na tarar da Baba a zaure, an jingina shi da bango, ya rame har na kusa ban gane shi ba, numfashinsa yana ƙara kamar ana jan zarto. Ya sa aka kira Yaya. A gabanmu mu uku ya ce yana so a sani, ya ji lofen yana zafi a hannunsa, yana da lokacin da zai jefar, kunya ce ta hana shi, don haka kada wanda ya ƙara ɗora wa wani. Na ce a'a Baba, ni ne ban gaya maka ba ya son wuta ba, kuma da gangan na ƙi faɗa. Wannan ne karo na farko da na furta haka ga wani mahaluƙi. Ya kalle ni ya ce ya sani, ai shi ya haife ni. Ya laluba aljihu da hannun hagu ya ciro mariƙin lofen, abin da ya rage kenan, ya ce sassaƙar ta yi, wuri ɗaya kawai na kuskure, duk icen da zai riƙe wuta ana bar masa mafita. Yabo na farko kenan da na taɓa samu daga bakinsa.

Sai ya faɗi abin da ya karya ni. Ya ce abin nan nawa bai taɓa yi masa daɗi ba ko sau ɗaya, ɗanɗanonsa kamar an jiƙa sabulu, kuma kullum yana kwana da ƙishin tabarsa ta gaske. Na ce to me ya sa ya jure wata biyar? Ya ce saboda duk bayan kwana biyu yana jin ƙarar wannan mataccen babur ɗin tun daga bakin gari. Ya ce bayan an sallamo shi daga asibiti ya yi wata guda cur bai taɓa taba ba, da ciwon da komai, yana cewa idan na zo in tarar bai karya alkawari ba. Da ya ga ba ni da niyyar zuwa, sai ya karɓi lofen yumɓun. Yaya ya sunkuyar da kai, ni kuwa na fita bayan zaure na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro. Daga ranar kullum ina ƙauyen, ko fetur ya yi tsada ko babu shi. Kwana ashirin da uku na samu. Ya rasu wata safiya bayan an idar da sallar asuba, ina riƙe da hannun nan da na kasa kallo.

Har yanzu akwai masu cewa lofena ne ya kashe shi. Ƙarya suke yi, kuma ko a gaban wa zan faɗa. Abin da likita ya gani a hoton ƙirjinsa ne ya kashe shi, kuma yana nan tun kafin in ɗauki gizago. Ban yi nadamar ƙin zuba ido ba. Da za a mayar da ni baya, zan sake yin faɗa da tabar nan, kuma zan sake ɓata wa duk mai cewa a bar tsoho da abin da ya saba. Abin da na yi nadama uku ne. Na kulle wuta a cikin ice don a ce na iya. Na ɓoye wa mutum haɗarin abin da na sa masa a hannu don kada ya ce a'a. Na uku kuma, wanda ba mai zagina a kansa don ba su san nauyinsa ba, shi ne wata bakwai ɗin nan. Masu ce mini mai bam suna ganin sun yi mini mugun suna, ba su san sun yi mini sauƙi ba.

Ga 'yan'uwana masu gyara da masu ƙere-ƙere, na san yadda hannu yake ƙaiƙayi idan an ga abu a waya ana cewa ai ni ma zan iya. Batir ba abin wasa ba ne, kada ku kulle shi a cikin ice ko gwangwani ku miƙa wa mutum ya kai bakinsa. Kada ku yi wa abu kamannin wani abu, don hannun mutane da abin da ya saba yake aiki, ba da abin da ke cikin kanku ba. Mai son raba tsohonsa da taba ya koma wurin likita, ya saurari maganar duka, ba rabin da ya yi masa daɗi ba. Kuma in kun yi ɓarna, ku tsaya a wurin a zage ku. Zagi ba ya kisa, kuma tsoho ba ya jiran fushinku ya huce.

Bayan addu'ar bakwai Yaya ya kira ni ya miƙo mini gizagon Baba, ya ce wasiyya ce, ni aka bar wa. Mun shirya da shi, kodayake har yau in maganar ta taso kowa yana kan bakansa. Gizagon yana rataye a rumfata, sama da teburin da nake neman ƙwarƙwata a kan rediyo. Masu kawo gyara sukan tambaya me gizago yake yi a shagon waya, in ce na Babana ne. Wani lokaci idan kasuwa ta yi sanyi nakan sauko da shi. Ƙotar ta sha hannu shekara da shekaru har ta lotsa, kuma duk lokacin da na kama ta, babban yatsana yakan faɗa daidai gurbin da nasa ya ci a jikin icen.